Gashin Dutse a Suwakin

Daga ɗanki Ƙasimu zuwa ga Inno, a Wurno. Gaisuwa da ban girma. Ina lahiyarki, da ta matata Zinariya da yara? Mi anka samu ga gonarmu ta bakin Rima bana?

Ina Suwakin, bakin teku, wurin wani Balarabe mai gasa dutse ya koma farar ƙasa ta shafen gini. Ya yi alkawarin in na iya aikin, zai ƙetare da ni Jidda cikin jirginai. Sau biyu dutsen da na gasa yana fitowa ɗanye, har ya ce, "Na ukku shi ne na ƙarshe."

Sai na koma auna dutsen kahin wuta da bayanta, har na gane in ya gasu, kusan rabin nauyinai ke tahiya. Jiya munka buɗe ramin gashin, awo ya yi daidai, anka zuba ma dutsen ruwa. Nan take ya tafasa, tururi ya turnuƙe, alamar ya gasu! Maigida ya yi dariya ya ce, "Ɗaure kayanka, Alhaji."

Wuta ta ɗan taɓa hannuna, amma kar ki damu. Rubutu kaɗai ta hana ni, maƙwabcina ne ya riƙe alƙalamin.

Ki sa min albarka, Inno. Wassalamu.