Inna, An Cire Faifan Da Muryarki Take Ciki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta 'ya ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya yalwata miki makwanci. Mu nan Gadarif muna nan yadda kika bar mu, sai dai garin ya cika maƙil da mutanen da yaƙi ya koro, wutar lantarki kuma ta koma zuwa gaisuwa kawai, ta leƙo ta ce sannunku ta wuce. An gama yankan riɗi, dawa ma ta kusa.

Na san za ki ce me ya haɗa ki da zancen kwamfuta, ke da kike ce mata "akwatin Sadiƙu", kina lulluɓe ta da tsohon mayafinki wai kada ƙura ta shiga mata ido. To Inna, akwatin Sadiƙun ne ya sa na zauna rubutu yau. An canza mata babbar manhaja, wato abin da ke tafiyar da ita gaba ɗayanta, kuma tun ranar na rasa inda zan sa kaina.

Ni ce 'yar farinki. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ana yaye ni kika miƙa ni ga kakata a Shuwak, da na dawo gida kuma na zama "ke". In kina nemana sai ki ce wa ƙannena, "Ku ce wa yayarku ta zo." In baƙuwa ta tambaya ko 'yarki ce, sai ki sunkuyar da kai ki ce, "'Yar mutanen Shuwak ce." Ban taɓa ganin laifinki ba. Haka aka yi miki, haka kakanninmu suka taso da wannan kunya daga ƙasar Hausa a kan hanyarsu ta Makka, suka sauke ta nan tare da kayansu. Amma gaskiya ina son in ji shi, Inna. Na so tun ina yarinya, ga furfura ta fara fito min ban daina so ba.

Kin tuna ciwonki na ƙarshe, da autanki Sadiƙu ya zo daga Hartum ya tare a gefen gadonki yana ɗaukar muryarki? Labarin gonar Basunda, waƙar daka, yadda kuka sha wuya shekarar fara. Kina cewa yaron nan ya cika surutu, amma kina ƙara masa. Ranar da zai koma bakin aiki ya ja ni bayan rumfa ya ce, "Yaya, wallahi Inna ta faɗi sunanki. Ta yi miki addu'a da sunanki tiryan-tiryan. Amma ta ce kada ki ji sai bayan ba ta nan." Ya zuba muryar a sashensa na kwamfutar ya kulle da kalmar sirri, wai ya san ni da rashin haƙuri. Bai yi min ƙarya ba.

Kin cika a cikin kwanakin da yaƙi ya tashi, hanya ta rufe, ko jana'izarki bai samu ba. Da muka yi waya na ce ya ba ni kalmar, sai ya ce, "La la, Yaya. Ba za ki zauna ke kaɗai ki ji ki yi ta kuka ba. Bari in zo mu buɗe tare." Daga nan wayarsa ta daina shiga. Duk motar da ta shigo daga Madani ko Fau mun tsaya mun tambaya. Babu wanda ya ce ya mutu, babu wanda ya ce ya gan shi.

Sai na koma gwada sa'a. Duk lokacin da wuta ta zo in kunna akwatin, in danna hotonsa mai riƙe da ƙwallo, in rubuta abin da ya zo min. Na rubuta sunanki, na rubuta na Baba, da na ƙungiyar ƙwallon da yake haukacewa a kanta, da na yarinyar nan ta Fau da yake tsammanin ban san da ita ba. Har nawa sunan na rubuta. Kullum sai allon ya ce ba daidai ba ne, in kashe in tashi in ɗora sanwa.

Abin da ya kawo canjin, jikarki ce. Ba sai na ce miki wacce ba, 'yar farina, wadda ke kike rangaɗa wa kira daga nan har bakin titi, kina tsokanarta da cewa ko shayi ba ta iya dafawa ba. Tun da aka watse, jami'arsu ta mayar da karatu ta intanet. Jarrabawa ta matso, shafin makarantar ya ƙi buɗewa a kwamfutar, wai manhajarmu ta tsufa, an daina hulɗa da irinta. Wayarta kuwa allon ya tsage, rabin rubutu take gani. Ba ta roƙe ni a canza manhajar ba, don ta san abin da ke cikin akwatin. Na dai same ta a madafa tana share ido, ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba.

Muka ɗora akwatin a raksha mai ƙafa uku muka kai wa Attayib, mai gyara a cikin kasuwa kusa da masu awon riɗi. Ɗan mutanenmu ne, amma tashin gari, Hausarsa rabi Larabci. Ya kunna, ya kara kunne a jikinta, ya ɓata fuska. "Hajiya, kin ji wannan ƙyas-ƙyas ɗin? Faifan ajiyar ne, ta'aban, ya gaji. Duk kunnawar da ake yi ana rage masa kwana." Ashe duk gwaje-gwajen nan nawa ƙarasa shi nake yi ban sani ba.

Ya ce zai sa sabon faifai ya ɗora sabon nizam, haka yake kiran manhajar. Hotuna da takardun gida ya kwashe mana su. Sashen Sadiƙu kuwa ya ce makullinsa a ɗaure yake da tsohuwar manhajar da kalmar mai shi, ko ya fasa ƙofar abin da ke ciki ba zai karantu ba. Ya gwada kwafe faifan ɗungurungum, da aka kai rabi faifan ya tsaya yana ƙara, Attayib ya yi maza ya kashe. "Ma'alesh, sai haƙuri, Hajiya. Wataƙila ya sake tashi, wataƙila tashinsa ɗaya ya rage. Ki adana shi sai ranar da mai kalmar ya zo."

Na dubi yarinyar, tana kallon ƙasa. Na ce ya cire.

Ya kwance ƙusoshi ya miƙo min wani ɗan ƙarfe kamar gwangwanin kifi, da ɗuminsa. Wai a nan kike, ke da addu'ar da sunana. Na naɗe shi a gefen mayafina na riƙe a cinya, ina kallon sabuwar manhaja tana shiga. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a allo, ana tsaka da haka aka ɗauke wuta, Attayib ya yi wa masu wutar addu'ar da ba zan maimaita miki ba, ya jona batir aka sake daga farko.

Da ta farka sai ta hau mu da tambaya. Wace ƙasa kuke? Wane harshe? Ina lambar waya? A bar ta ta san inda muke? A bar ta ta gane fuskarmu? Ko masu neman aure ba su taɓa yi mana irin wannan bin diddigi ba. Can sai Attayib ya ɗago ya ce, "Sunan wa zan rubuta?" Na nuna masa yarinyar da baki. Ya ce, "Na gane, Hajiya, amma sunanta fa?" Na sake nunawa. Ya yi dariya ya ce, "Ya salam, har yanzu kuna wannan abin?" Ita ce ta jawo madannan ta rubuta da kanta, tana dannawa da ƙarfi, ba ta dube ni ba. Na san wannan fuskar, Inna. Irinta nake yi in kin ce 'yar mutanen Shuwak ce.

Mun dawo gida da baƙuwa. Jikin na da ne, har da tabon shayin da Sadiƙu ya zubar, amma cikin ba namu ba ne. Hotonki a gonar dawa, wanda ke tarbar mu in an kunna, ya tafi, an shimfiɗa wani shuɗin abu a wurinsa. Maɓallin da ake fara komai da shi ya tashi daga kusurwa ya koma tsakiya. Ranar farko na rasa inda ake kashe ta, na yi ta zagaye allon da linzamin kwamfutar har na gaji na zare waya daga bango, yarinyar ta yi min faɗa kamar ita ta haife ni. Ga ta da son gyaran kanta. Wuta na zuwa sai ta ce tana sabuntawa, kada a kashe ta. Na ce mata ta je ta gaya wa masu wutar.

Duk wannan zan iya koya, ina ma koya a hankali. Abin da na kasa shi ne allon farko. Da, hotuna biyu ne, na gida da na Sadiƙu mai ƙwallo. Yanzu ɗaya ne tak. Har yau in na kunna, hannuna kan kai linzami gefen da hotonsa yake, in danna wofi. Da ina da ƙofar da nake ƙwanƙwasawa ko ba a buɗe ba, yanzu ko ƙofar babu. Faifan yana cikin akwatin kayanki, a naɗe da mayafin da kike rufe kwamfutar da shi. Nakan fito da shi in riƙe, ba na iya yi masa komai. Ban san kalmar ba, ban san inda mai kalmar yake ba, ban san ko faifan zai jira shi ba.

Ita kuwa sabuwar ba ta da kunya ko kaɗan. Kowace safiya sai ta baje sunan jikarki ɓaro-ɓaro a tsakiyar allo, ta yi mata maraba. Na lura yarinyar takan ɗan dakata ta kalle shi kafin ta shiga. Ta yi jarrabawarta lafiya, alhamdu lillahi, wutar ma ta yi mana kara ranar.

Na ce zan gwada abin da ba ki yi ba. Tana shanya a tsakar gida na buɗe baki zan kira ta, wallahi Inna "ke" ce ta fito. Na sake gwadawa washegari, harshena ya yi nauyi, na ɓige da tambayarta ko ta ba awaki ruwa. A nan na gane abin da ya sa kika jira sai da yaro ya kara miki na'ura, kika kuma ce a ɓoye.

Jiya bayan azahar wuta ta zo, na ɗauka yarinyar ta shiga maƙwabta. Na zauna na yi ta lalube a sabuwar manhajar, na buɗe abin lissafi, na buɗe taswira, na buɗe wani abu da ya nuna min fuskata na tsorata, kafin na samo na ɗaukar murya. Na danna, wani jan ɗigo ya kama. Na yi bisimilla, na yi mata addu'a irin wadda nake zaton kin yi min. Sannan na rufe ido na ce, "Safiya."

Sai na ji daga ƙarƙashin rumfa, a hankali, kamar mai tsoron ba da ita ake ba: "Na'am?"

Ashe tana nan tana tsince riɗi. Ta shigo ta tsaya a bayana, hannunta duk ƙaiƙayi. Na ce mata gwada abin nake yi. Jan ɗigon yana ta tafiya don ban san yadda ake tsayar da shi ba, ta miƙo hannu ta saman kafaɗata ta tsayar, ta adana. Ta tambaye ni ko a sa masa kalmar sirri. Na ce a'a, ta bar shi a buɗe, a tsakiyar allo, inda kowa zai gani.

Ki yafe min rashin kunyar nan, Inna. Ni dai har yanzu ban ji nawa ba, kuma ban san ko zan ji a duniyar nan ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya bayyana mana Sadiƙu, in yana raye Ya dawo da shi da hankalinsa da kalmar a kansa, in kuma ya riga mu Ya haɗa ku cikin rahama. Allah Ya kashe wutar yaƙin nan. In faifan ya riga Sadiƙu tafiya, to ki riƙe min sunan a wurinki, in na zo ki kira ni da shi ko sau ɗaya ne, zan amsa.

Wassalam.

'Yarki ta fari,
wadda kika san sunanta.