Aljihun Teburin Mista Devane

Litinin, 5 ga Oktoba, 1953
Sabon shugaban laburare ya iso, Mista Malachy Devane. Dogo, ga furfura, ga kwat irin ta Dublin. Shekara goma yana aikin jarida, sha biyu a ofisoshin jakadancinmu a waje, yanzu kuma wai ya zo kula da littattafai a ɗan garin nan namu na gundumar Mayo, inda tumaki suka fi masu karatu yawa. Ruwa ba ya tsami banza. Ko korarsa aka yi, ko turo shi aka yi.

Laraba, 7 ga Oktoba
Komai ya gani sai ya rubuta a ɗan littafin aljihu. Ya tambaye ni inda na yi hutun bana, na ce Birmingham, wajen gwaggona. Ya ce, "A watan Agusta? Kowa na neman bakin teku, ke kin nemi hayaƙi." Ya yi murmushi, ni ban yi ba.

A can aka ɗaura mana aure da Fintan, Mama kaɗai ta sani. Zoben yana wuyana a jikin zare, ƙarƙashin riga. Doka ta ce ranar da ma'aikaciyar gwamnati ta yi aure, ranar za ta ajiye aiki. Fintan bai tsaya da ƙafarsa a wajen ginin da yake yi a can ba tukuna, Mama ba ta iya tashi daga gado. Aikin nan nawa na laburare ne abincinmu.

Talata, 13 ga Oktoba
Na hango shi a gidan waya da Misis Culhane mai kula da wurin, kai da kai. Matar da ta san rubutun hannun kowa, kuma duk wasiƙun Fintan ta hannunta suke bi. Da na shiga ta ce, "Gobnait, gwaggon nan taki akwai zumunci, kowane sati wasiƙa. Hannunta kuwa kamar na namiji." Shi ya duƙufa yana kallon kan sarki.

Juma'a, 16 ga Oktoba
Amai tun safe. Kwana na huɗu ke nan. Na san ko mene ne, ba zan rubuta ba.

Alhamis, 22 ga Oktoba
Ya hana ni hawa tsani, ya hana ni ɗaukar akwatunan da ake kai wa ƙauyuka. Wai bayansa na bukatar motsi. Tsoho da tari, shi ne mai bukatar motsi? Haka ake yi: a zare wa mace aiki ɗaya-ɗaya, sannan a gaya wa kwamitin laburare ai ba ta da amfani. Jiya kuma na tarar da busasshen biskit a teburina. Yana so ya nuna mini ya sani ne, in ji tsoro in tafi da ƙafata. To, ba inda za ni.

Lahadi, 25 ga Oktoba
Bayan coci na gaya wa Mama. Ta ce, "Wataƙila mutumin kirki ne kawai." Mama ba ta san 'yan jarida ba. Mutum ya shekara goma yana cin abinci da asirin mutane.

Litinin, 2 ga Nuwamba
Ni ma na kama nasa. Kabad ɗin littattafan da gwamnati ta haramta, wanda ya kamata ya zauna a kulle, na gan shi ya buɗe ya ɗauko ɗaya, ya naɗe a takarda ya miƙa wa malamin makaranta. Da ya juyo ya gan ni sai ya ce, "Mis Hegarty, a wata ƙasa na ga ana ƙona littattafai a titi. Tun ranar ba na son mabuɗi." Ko kunya. In kwamiti suka ji, ya gama.

Laraba, 4 ga Nuwamba
Na rubuta ƙararsa. Da hannun hagu, ba suna, zuwa ga Fada Gilvarry, limamin cocinmu kuma shugaban kwamiti. Har garin gaba na hau keke na jefa, don kada ta bi ta hannun Misis Culhane. Gara in riga shi. Da dare ban iya cin dankalina ba, amma wannan cikin ne.

Juma'a, 6 ga Nuwamba
Wawuya. Na manta Fada ba ya buɗe wasiƙar kwamiti tun da idonsa ya mutu. Ɗaure su yake yi ya aiko wa sakatare, sakataren kwamiti kuwa shi ne shugaban laburare.

A gabana ya yanka ambulan ɗin. Ya karanta har ƙarshe, ya sake karantawa. Ina tsaye riƙe da tambarin kwanan wata. Ya ce, "Rubutu mai tsabta. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Editana na farko da ya ɗauki mai shi aiki." Sai ya miƙo mini. "Amma a jarida an koya mini, abin da ba a sa wa hannu ba, ba labari ba ne. Aljihun tebur na ƙasa, Mis Hegarty, wajen 'yan uwanta."

Na buɗe. Wasiƙu uku ne a ciki, ba suna, duka a kaina. Ta farko ranar 9 ga Oktoba aka rubuta ta. Ɗaya har sunan cocin Birmingham ta kawo. Wata guda ke nan mutumin nan yana zaune a kansu.

Na ce, "Yallaɓai, ni..." Ya ɗaga hannu. "Kada ki gaya mini komai. In kin faɗa da bakinki, dole in kai gaba. A aikin jakadanci, abin da ba a sanar da mu ba bai faru ba." Ya ce daga Maris akwai aikin katin littattafai da za a iya yi a gida, na kwantiragi ne, dokar ba ta hau kansa ba, sai dai kwamiti ya amince. In yi tunani.

Bai tambaye ni wa ya rubuta ta huɗun ba. Da ya tambaya, da ya fi mini sauƙi. Kunya ta kusa kashe ni.

Litinin, 9 ga Nuwamba
Ban ce na yarda da shi ba. Har yau ban san abin da ya kawo shi garin nan ba, kwamitin kuma yana iya ƙi. Kansila Mulqueen, ɗan kwamiti, ya shigo da rana, yana ta zagaye kabad ɗin nan yana tambaya ko a kulle yake zama. Mista Devane ba ya nan. Na ce mabuɗin yana hannuna tun zamanin tsohon shugaba, ba a taɓa buɗewa ba.

Ban san me ya sa na faɗa ba. Sai na ƙara da wannan ƙaryar a ikirarin zunubi wajen Fada ranar Asabar.