Hoto Uku da Mai Hanya Take Nema

Zuwa ga Kawuna, ginshiƙin gidanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda ɗan ƙanwa yake durƙusawa har ƙasa kafin ya miƙa, ina fatan wannan takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya tsare ka daga sharrin injunan masaƙar da kake tsaye a kansu tun safe har yamma, ya sa gumin da kake zubarwa a can nesa ya zama albarka gare mu baki ɗaya, amin.

Mu nan duk muna lafiya. Kaka ta samu sauƙin ƙafarta, har ta koma kan muƙaminta na babbar mai shari'ar tsakar gida, inda take yanke hukunci a kan kaji da jikoki ba tare da damar ɗaukaka ƙara ba. Umma tana nan da ɗinkinta, ta ce in gaya maka tabarau ɗin da ka aiko ya yi mata daidai. Yaya Babba ya gyara rufin ɗakinka, yanzu yoyon ya tashi daga kan gado ya koma kan kujera, abin da shi yake kira gagarumin ci gaba. Ni kuwa ina nan a shagon ɗaukar hoto, ina ci gaba da hidimar da na sadaukar da ƙuruciyata a kanta, wato taimaka wa bayin Allah su fito fiye da yadda madubi yake gaya musu.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutu maimakon kira. Dalili shi ne, duk ranar da na kira ka, kafin in gama cewa Kawu ka riga ka fara dariya. Ban ga laifinka ba. Shekara ashirin da uku na yi ina shuka barkwanci a gidan nan, ga shi girbi ya zo mini a ranar da ba na so. Saboda haka na zauna na rubuta da hannuna, zan ɗauki hoton takardar in turo maka, domin takarda ba ta da fuskar da za a kalla a yi dariya. Maganar 'yarka Auta ce, da tafiyar da aka sa mata ranar Laraba mai zuwa, wadda ka ba da izininta ta waya. Ina roƙonka ka janye izinin nan, ga kuma hujjata.

Matar da za ta tafi da ita, wadda unguwa take kira Mai Hanya, ba ka taɓa ganinta ba, sai muryarta. Bara ta kama haya a benen bakin kasuwa. Mace ce mai fara'a, mai yawan gaisuwa, ba ta shiga gida hannu rabbana. Ta ce tana da shagunan gyaran gashi a ƙasar waje, tana neman yara masu hannu, kuma ita za ta yi fasfo da biza da tikiti, iyaye ba za su fitar da komai ba. Ka san hannun Auta a kitso. Da matar ta zo gidanmu, Umma ta shimfiɗa mata sabuwar darduma, aka yi ta godiya har bakin ƙofa. Babu wanda ya tambayi sunan shagon, ko titin da yake, ko lambar wani da ke aiki a ciki. Kowa ya ji nauyin tambayar wadda ta zo da alheri, kamar tambaya zargi ce. Mun manta cewa banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yanzu bari in shiga fagen da nake da digiri a kansa ba tare da jami'a ba. Hoton fasfo abu ne mai ƙa'ida: farin ƙyalle a baya, kafaɗa daidai, fuska a buɗe, ba murmushi, daga ƙirji zuwa sama. Duk hukumar duniya abin da take nema ke nan. Amma ita Mai Hanya, duk yarinyar da ta kawo shagonmu hoto uku take sa a yi mata. Na fasfo ɗaya. Na biyu na tsaye, daga kai har ƙafa, a ajiye mayafi. Na uku a juya gefe, hannu a ƙugu. Sannan ta tsaya a bayana a gaban kwamfuta tana cewa a ƙara haske a fata, a share tabo, a ɗan matse nan. In na gama, sai in tura na biyu da na uku zuwa wata lamba da ta ba ni, daga wayar shago. Ta ce min telan da zai ɗinka musu rigar aiki ne yake son ganin tsayinsu. Kawu, yara goma sha ɗaya na yi wa haka cikin wata takwas. Ni da nake taƙama da basira, ban taɓa tambayar kaina me tela zai yi da hasken fata ba. Abin da ya dame ni kawai shi ne a yaba gwanintata.

Ranar Litinin da ta wuce ta kawo yara huɗu, Auta ce ta huɗu. Na yi mata tsiyar da muka saba, na ce ta daina hararar kyamara kada gilashin ya tsage, ita kuma ta ce in ta dawo da arziki ko gadin ƙofarta ba za ta ba ni ba. Na tura hotunan kamar kullum. Lambar nan ba ta taɓa ba ni amsa ba, ashe Mai Hanya ake mayar wa amsar. Ran nan sai mai lambar ya yi kuskure, ya turo saƙon murya a wayar shago. Na buɗe a gaban maigidana mai shagon. Muryar namiji ce, yana magana a natse kamar mai zaɓen kaya a kanti. Ya ce ta biyu da ta huɗu su zo. Ya ce ta farko ta cika rama, baƙi ba za su neme ta ba. Ya ce a tambayi shekarun ta uku, in ba ta kai sha takwas ba ma ya fi. Ya ƙara da cewa doguwar nan ta huɗu ita kaɗai za ta cika masa gida da maza. Har saƙon ya ƙare bai tambayi wadda ta iya kitso ba. Bayan 'yan mintuna ya goge shi, sai dai hannun mai hoto ya saba da gaggawa, na riga na tura shi cikin wayata.

Na rufe shago na nufi gida da gudu, ina zaton gani ya kori ji. A nan ne na sha mamaki. Auta ta saurara, ta kwashe da dariya, ta ce wane abokina ne na sa ya shaƙe murya haka, ta ma yaba masa. Ta tuna wa kowa yadda shekara biyu da suka wuce na sa aka kira ta a waya aka ce ta ci gasar keken ɗinki, ta yi wanka ta tafi karɓa. Ka san tsakanina da ita wasa ne tun muna yara, ni ɗan mace ita 'yar namiji, ba mu taɓa gaya wa juna magana a miƙe ba. Umma ta ce in ji tsoron Allah, kada in ɓata sunan matar mutane don neman abin dariya. Yaya Babba ya ce uban yarinya ya riga ya yi magana, wane ni. Kaka kaɗai ta kalle ni ta ce ita dai ba ta taɓa ganin na yi ƙarya ina gumi ba.

Matar maigidana ce ta warware mana. Ta tuna mini da 'yar mai gyaran agogo, yarinya ta farko da na ɗauka wa hotunan nan, wadda ta dawo wata huɗu da suka wuce. Tun da ta dawo ba ta fita. A unguwa wasu suna cewa sata ta yi aka koro ta, wasu suna faɗin abin da ba zan rubuta wa kawuna ba. Matar maigidana ta yi kwana biyu tana zarya gidansu kafin yarinyar ta yarda ta zo. Suka shiga ɗakin Umma su huɗu, ita da matar maigidana da Umma da Auta, ni ina tsaye a ƙofar gida ina korar masu leƙe. Abin da ta faɗa, kamar yadda Umma ta maimaita mini, shi ne ranar da suka sauka aka karɓe fasfo ɗinsu da wayoyinsu. Babu shago, babu ko mataji. Gida ne mai ƙarafa a taga, aka ce musu sai sun biya abin da aka kashe a kansu kafin su ga titi, kuma hanyar biya ɗaya ce. Sai da ciwo ya kwantar da ita suka fitar da ita, wata mai shara ta tausaya mata ta kai ta inda aka taimaka ta dawo. Umma ta tambaye ta me ya hana ta faɗa tuntuni. Ta ce makon da ta dawo ta fita sayen sabulu, wata maƙwabciya ta janye 'yarta daga kusa da ita, tun daga ranar ta haɗiye maganarta. Da Umma ta fito rakiya ba ta iya kallona ba, ni ma ban iya kallon yarinyar ba.

Kawu, ba ni da matsayin yi wa al'umma huɗuba, amma na yi kwanaki ina nazari irin na wanda ya taka sawun ɓarawo. Ba kwaɗayi ne yake tura yaran nan ba. Shekara uku ke nan Auta ta gama makaranta, ta kai takardarta wurare bakwai, ta dawo tana kitso a ƙofar ɗaki, rabin masu zuwa dangi ne da suke biya da Allah ya yi albarka. Kullum tana ganin hotunan sa'o'inta a waya suna sheƙi, alhali irina ne muke zama mu ƙera sheƙin. Sai wata ta zo ta ce mata hannunta yana da daraja. Wa zai ƙi saurara? Mu kuma manya da ƙanana muna jin kunyar tambayar mai kyauta, amma ba ma jin kunyar zagin wadda ta dawo a wahale. Da an zaunar da 'yar mai gyaran agogo ranar da ta dawo, an ba ta ruwa an saurare ta, da yara da yawa suna gidajen iyayensu yau.

Abin da ya sawwaƙa mun yi. Ni da maigidana mun je ofishin hukumar da ke yaƙi da safarar mutane, mun ba da saƙon muryar da lambar da hotunan duka, na kuma faɗi nawa hannun a ciki ba tare da ado ba. Jami'ar ta rubuta komai, ta ce za su bi diddigi, amma bincike yana da tafiyarsa, Laraba kuma ba za ta jira shi ba. Mun je gidajen sauran yara ukun. Gida ɗaya sun gode mana, gida biyu sun raka mu da maganganun da suka faɗaɗa mini ƙamus.

Saura Auta. Ta yi kuka ranar, amma washegari Mai Hanya ta kira ta, ta rantse mata cewa waccan yarinyar ita ta gudu ta bi banza, yanzu take neman wanda za ta shafa wa laifin. Auta ta shiga tsaka mai wuya. Jiya na same ta tana tsefe wa Kaka kai, karo na farko a rayuwarmu muka yi magana ba zolaya. Ta ce kai ka ba da izini, kai kaɗai za ka janye. Ta ce in ka ce ta zauna za ta zauna, amma ka gaya mata zaman me za ta yi. 

Yau na samo rabin amsa. Maigidana ya yarda ya ɗauke ta ta koyi aikin hoto. Mata da yawa suna juyawa daga shagonmu saboda ba sa son namiji ya gyara musu zama, kuma tarukan mata suna wuce mu saboda ba mu da mai shiga ciki. Ba daula ba ce, amma aiki ne mai suna da titi, kuma kowace yamma za ta dawo gida. Ban gaya mata ba, domin in daga bakina ya fito za ta nemi inda na ɓoye dariyar. Daga bakinka ya kamata ta ji. Ina roƙonka ka kira kafin Talata, a wayar Umma, ka ce a ba ka Auta kai tsaye ba ta hannun Yaya Babba ba. Kada ka yi mata faɗa, ba ta yi laifin komai ba sai son ta amfane ka. Ka saurari saƙon muryar da zan haɗo da wannan takarda, sau ɗaya ya isa.

Kaka tana gaishe ka, ta ce ka rage shan sanyi. Umma tana gaishe ka, ta ce ka yafe mata, amanar da ka bar mata ta kusa saki. Yaya Babba da iyalinsa suna gaisuwa, haka Gwaggo ta bayan kasuwa da maigidana. Ka miƙa gaisuwata ga Baffa Dogo abokin zamanka da duk mutanen ɗakinku. Auta ba ta ba ni saƙo ba. Jakarta tana nan a ɗaure bayan ƙofa, ba ta kwance ta ba, amma tun shekaranjiya ba ta ƙara komai a ciki ba. Duk lokacin da wayar Umma ta yi ƙara, ita take fara tashi.

Allah ya ba ka ikon kira, ya sa mu ji alheri.

Ɗanka mai biyayya,
Mai Hoto