Duron da Baba Ya Huda

Asabar, 4 ga Mayu
An auna nauyin Baba a asibiti, sai da na roƙi nas ta sake dubawa. Mutumin da ya tsufa yana murɗa sitiyarin babbar mota, yau bel ɗinsa ya ƙare huji. Likita ya ce in bai koma cin abinci ba kafin ƙarshen wata, sai a kwantar da shi a zura masa tiyo ta hanci. Tun da Inna ta rasu muka dawo da shi gidanmu, cokali biyu yake yi ya ture kwano. A mota na tambaye shi me yake marmari. Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ce, "Abincinku ba ya ƙamshin wuta." Maganarsa ta yini ke nan.

Litinin, 6 ga Mayu
Na samo duro, man girki aka zuba a ciki a da. Zan mai da shi abin gasa nama da hayaƙi: gawayi a ƙasa, raga a sama, murfi, bututu. Na zana shi a wajen aikina, gidan buga takardu, a bayan ragowar takardar da na yanka. Matata ta ce, "Baban yara, kai da ko ƙwai ba ka taɓa soyawa ba?" Gaskiyarta. Watakila shirme nake yi.

Alhamis, 9 ga Mayu
Mai walda ya yanka ƙofa ya sa ƙafafu. Da yamma na cinna wuta a ciki don fentin ya ƙone. Innalillahi! Ban san fenti na baƙin hayaƙi haka ba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga da farin zaninta a hannu, ya koma kalar toka. "Maƙwabci, taya kake dafa mana?" Haƙuri kawai nake ta bayarwa.
Kamar na ga labulen ɗakin Baba ya motsa. Ko iska ce.

Asabar, 11 ga Mayu
Na bi kowace kafa na liƙe da laka, har bakin murfi. A wajen aiki in ka bar tsaga a takarda ka ɓata aiki. Hayaƙin nake so, don me zan bar shi ya gudu? Huji ɗaya na bari a ƙasa, daidai tsakiya. Na auna.

Lahadi, 12 ga Mayu
Wutar ta yi ta mutuwa, ina ta fifita. Kazar da na gasa ta fito ɗanya a ciki, waje baƙi, ga ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Kyanwar gidan ta shinshina ta yi gaba. Duk da haka na kai wa Baba. Ya ɗaga murfin kwano, ya kalle ni, ya mayar. Da zagina ya yi da ya fi min.

Talata, 14 ga Mayu

Ina kan injin yanka takarda matata ta kira. "Ka zo gida yanzu. Baba ne." Ta kashe waya. Ban san yadda na iso ba, a hanya har na fara tunanin yadda zan gaya wa yayana.
Tun daga ƙofa na ji kwam, kwam, kwam. Baba ne a tsakar gida, daga shi sai singileti, durƙushe gaban durona da guduma da ƙatuwar ƙusa. Mutumin da ko banɗaki sai an riƙe shi! Ya huda gindin duron ta ko'ina, ya kankare lakata ya watsar.
Bai ko juyo ba ya ce, "Sarkin Awo, wuta ma numfashi take yi. Ka shaƙe ta kana jira ta yi maka girki?"
Sunan da yake tsokanata da shi ke nan tun ina yaro. Rabon da in ji shi a bakinsa tun Inna na da rai.

Laraba, 15 ga Mayu
Na auna hujojin nan da tef ɗin awo. Babu biyu da suke kan layi ɗaya.

Asabar, 18 ga Mayu
Ya wuni a kujera gaban duro yana ba ni umarni kamar yaron motarsa. Rage gawayi. Kar ka buɗe. Na ce kar ka buɗe! Hayaƙin ya fito siriri, naman ya yi ja. Ya cinye cinyar kaza, ya tsotse ƙashi, ya ce wa matata, "'Yata, babu burodi a gidan nan?" Na shige ɗaki na ɗan jima. Hayaƙi ne ya shiga min ido.

Talata, 21 ga Mayu
Ya koma gado. Na gasa nama a duron, ya yi kyau ƙwarai, na kai masa. Loma biyu, ya ture. Na tsaya da kwano a hannu kamar an dasa ni. Duron lafiya lau, babu abin gyara. To me kuma? Wata ya kusa ƙarewa.

Alhamis, 23 ga Mayu
Na sake ɗaura bututun, ya ɗan karkace. Na yi aikin a gindin tagar Baba, da ƙara sosai. Ban kai ga ɗaure ƙusa ta biyu ba na ji takalminsa. "Wannan bututu ne ko wuyan raƙumi? Kawo nan." Ya ci da rana, ya ci da yamma.

Juma'a, 31 ga Mayu
Likita ya kalli sikeli, ya kalli Baba, ya ce a bar maganar tiyo tukuna. Ya tambaya me muke ba shi. Baba ya ce, "Ni nake ba su. Wannan ɗan nawa ko raga bai iya ɗorawa ba."
Jiya a kife na ɗora ta. Shekaranjiya ɗanyen itace na kawo. Matata ta ce kwanan nan na cika mantuwa, tana faɗa tana danne dariya. Gajiya ce kawai, ina jin.
Gobe zan sa wa murfin mariƙi. Na bar tef ɗina a wajen aiki.