Kakar Nana da farantin gishiri

Daren Asabar, Afrilu 2018, Gaithersburg

Da ni da ɗalibaina duk mun zaci litiyam, sinadarin batirin motar lantarki, sai an fasa dutse ake samunsa, kamar kuzar Jos. Ashe a jihar Nevada ta nan Amurka, inda ake son farfaɗo da aikin, ruwan gishiri ake janyowa daga ƙasa a baza a tafkuna. Rana ta sha ruwan, gishiri ya kwanta, litiyam ya taru a sauran.

Wannan ne ɗalibata Nana take son nunawa a gasar kimiyya ranar Juma'a. Yau da safe na same ta a gidansu tana hawaye. Ruwan gishirin da ta zuba a faranti ya yi ɓawo a sama, kwana huɗu ya ƙi raguwa. Ni ma da digirina ban gane dalili ba.

Kakarta, da ta zo daga Bilma, garin gishiri na Nijar, ta leƙo.

"Malama, wa ya koya muku aikin gishiri? Ai ba a barin ɓawo, shi ke hana ruwan ƙafewa."

Ta sa cokali ta farfasa shi, ya nutse. "Safe da yamma. Haka muke yi tun ina ɗiya ƙarama."

Nana, da kullum Turanci take mayar mata, ta ce, "Kaka, sake nuna mini." Da Hausa!

"Au, ashe kina da baki?" in ji tsohuwa.

Ɗazu Nana ta turo hoto, ruwan ya sauka ƙasa da layin da ta ja a jikin farantin. Murna ta hana ni barci. Na ce wa kaina: Rahila, gobe ke ma ki jiƙa gishiri a faranti, ki tanadi cokalinki.