Danda ya ci uku

Laraba, bayan isha'i

Kwana huɗu ke nan muna fama da dokinmu Danda a kan garin maganin gaɓoɓi da likitan dabbobi ya ba ni. Na zuba a dusa, ya shinshina ya juya mini baya. Na haɗa da kanwa, ya sa hanci ya kife kwanon. Doki gwiwa a kumbure, yana ɗingishi, amma sai iyayi!

Da la'asar Kawu Sule ya tsaya bakin turke ya ce, "Yusifu, dokin nan ya gama yayi. Akwai mai saye a kasuwar Race Course, har lori zai turo." Na ci gaba da sharar turke don kada in yi rashin kunya. Dokin Baba ne. Ranar da ya rasu ma sai da ya tambaya ko an ba dokin ruwa.

Hajiyarmu ce ta gano laifina. Tana bakin murhu ta ce, "Kai ma dai! Da hannun da ka ɗebi magani kake miƙa masa? Tun kana ƙofa ya ji warin."

Na wanke hannu da sabulun alata har sau biyu. Ita ta cusa garin cikin nunanniyar ayabar da ta sayo a kasuwar Kejetia, ni na miƙa. Ya ci uku. Ta huɗun ya tofar, yana hararata.

Ukun ma alhamdulillahi. Gobe kafin in buɗe shago zan sayo nono guda na ayaba. Sai dai Kawu ya nema wa lorin nan wani kayan.