Lemun Gwaggo

Laraba da dare, garin Isa

Cikina sai murɗawa yake, yau a bayi za ni kwana.

Gwaggo ta taho tun daga Tozai duba ni, da kwalbar malt da madara, wai na rame, in ƙara jini. Na juya kwalbar na karanta: akwai sha'ir, ɗan'uwan alkama, abin da likita ya ce yana cinye mani hanji.

Na ce, "Gwaggo, an hana ni."

Ta ce, "Ke ɗiyata, lemu ne fa, ba burodi ba! Ko abin hannuna ne ba ki so?"

Surukaina na kallo, sai na shanye.

Ta tafi tana murna. Wai ranar kasuwa za ta aiko mani katan guda.